WADDA TA GAMA WA'ADINTA TA BIYA BASHINTA

Kafin ranar jefa ƙuri'a ga wata magana da ba a cika kawo ta a dandalin siyasa ba, wato maganar matanmu da ke gidan yari.

Ya kai mai karatu, ka san yadda abin yake. Namiji ya fito daga kurkuku, a yi masa barka, a nema masa jari, har a yi masa aure. Mace ta fito, ta tarar da takardar saki tana jiranta, an raba ta da 'ya'yanta, in ta soya ƙosai ba mai saye. Alƙali ya yanke mata wata shida, mutanen unguwa su yanke mata ɗaurin rai da rai. Alhali mafi yawan waɗanda ke tsare a Nijeriya jiran shari'a suke yi, wasu kuwa kuɗin tara ne kawai ya gagare su.

Shiga kurkuku ba shi ne lalacewa ba. Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU an ɗaure ta sau 16 saboda kare talakawa, yau ga babban asibiti da sunanta a Zariya.

Doka ma ta sake. A 2019 an mai da gidajen yari gidajen gyaran hali, aka ce a ware wa mata wurinsu, da ɗakin renon jariransu. A 2023 kuma aka gyara tsarin mulki, jihohi suka sami ikon kafa nasu. Saura gyaran zukatan jama'a.

In kun zaɓe mu, jam'iyyarmu za ta kai wayar da kai inda ake saurare: rediyo, wasan kwaikwayo, makarantun Islamiyya, coci, da zauren mai unguwa. Matan da abin ya shafa su za su ba da labari da bakinsu, in sun yarda, ba tare da an bayyana suna ko fuska ba, don kada garin gyaran gira a rasa ido. Za a koya musu ɗinki da saƙa tun suna ciki, a sasanta su da danginsu kafin ranar fita, a sallame su da jari.

Malam, yau 'yar wani ce, gobe fa? Ku fito ƙwanku da ƙwarƙwatarku, ku zaɓi jam'iyyar da ba ta yar da kowa. Allah ya ba mu nasara, amin.