Dashen ɓargo ba tare da rasa haihuwa ba: me Maraɗi za ta samu?

A shekarar 2025 masu bincike na jami'ar Stanford ta Amurka suka bayyana cewa sun yi wa yara uku masu cutar jini ta Fanconi dashen ɓargo ba tare da maganin busulfan ko gashin haske ba. Wani sinadari mai suna briquilimab suka ba su, wanda ke kawar da tsofaffin ƙwayoyin da ke haifar da jini, ya bar wa sababbi wuri.

Cutar Fanconi ba ita ce damuwarmu ba. Amosanin jini ne, wato sikila, ke hana iyaye barci daga Maraɗi zuwa Tibiri da Jiratawa. Tun 1984 aka san dashen ɓargo na warkar da shi, amma kafin a dasa galibi sai an kashe ɓargon mai ciwon da busulfan, kuma wannan magani kan tafi da haihuwa. A jihar da aka sani da yawan haihuwa, wane uba ne zai sa hannu a warkar da ɗiyarsa in an ce masa mai yiwuwa ba za ta taɓa goyo ba? A ganina, in dai ba a kau da wannan ba, ko kyauta aka kawo dashen da yawa za su ja da baya.

Akwai kuma batun mai bayarwa. Damar ɗan'uwa shaƙiƙi ya dace da mai ciwon ɗaya ce cikin huɗu. Yaran Stanford daga iyayensu aka ɗiba, ko da yake rabi kawai suka dace, kuma hakan na faɗaɗa ƙofa sosai.

Sai dai yara uku ba su isa hujja ba, kuma ba masu sikila ba ne. Ga tsada: Casgevy, maganin gyaran ƙwayar gado da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, dala miliyan 2.2 ne, sama da miliyar ɗaya na CFA, kuma shi ma da busulfan ake share masa hanya. Nijeriya ta yi dashenta na farko ga mai sikila a asibitin koyarwa na Benin a 2011, amma har yau masu hali kaɗan ke kaiwa gare shi.

Abin da ya fi kusa da mu yana Kano. Binciken da aka yi a asibitin Aminu Kano ya nuna ƙwayar hydroxyurea, mai sauƙin kuɗi, tana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga yaran da awon jijiyoyin kai ya nuna suna cikin haɗari. Dashe ya fi yin kyau ga yaron da ciwon bai riga ya lalata masa gaɓoɓi ba. Don haka abin da ya kamata a tambayi ma'aikatar lafiya da cibiyar sikila ta ƙasa da ke Yamai shi ne yaushe awon jarirai da wannan ƙwaya za su iso ɗakunan shan magani na Tibiri da Jiratawa, ba sai uwa ta hau mota zuwa birni ba.