Antibayros biyu a kwamfuta ɗaya

Ana tsakiyar haɗa makin ɗalibai kwamfutar makarantarmu ta tsaya cik. Laifina ne: na ɗora sabon antibayros na kyauta ban cire tsohon ba. Kowanne na son riƙe fayil ɗaya lokaci guda, kowa na ganin ɗan'uwansa ɓarawo. Kwana biyu muna lissafi da hannu.

Jama'a, tsoronmu ba na banza ba ne, filashin da muke kaiwa shagunan buga takardu a N'Djamena na kwaso cuta. Amma in za ku canja, ku cire tsohon kakaf, ku kashe na'ura ku kunna, sannan ku sa sabo. Defender na Windows kam da kansa yake ja baya in wani ya shigo. Mai barin Avast ya koma AVG kuwa bai yi nisa ba, tun 2016 kamfaninsu ɗaya.