Ba Kowane Rashin Jini Ne Ke Neman Maganin Ƙarin Jini Ba

A kemis akwai kayan da ba a yi wa mai sayensu tambaya: kwalbar ƙarin jini da ƙwayar bitamin. Da mutum ya yi kukan kasala ko jiri, ko aka ga idonsa ya yi fari, sai a ce a sayo masa, wai ko bai yi amfani ba, ba zai yi illa ba. Wannan magana ba gaskiya ba ce.

Rashin jini alama ce, kuma abubuwan da ke kawo shi ba ɗaya ba ne. Wani sinadarin ayon ne ya yi masa ƙaranci, shi kam ƙwayar ayon za ta yi masa rana. Wani zazzaɓin cizon sauro ne ke farfasa masa ƙwayoyin jini, wani tsutsar ciki ce ke tsotsa, wani gyambon ciki ne ke yoyo a ɓoye. Duk kwalbar da aka ɗura wa waɗannan, zuba ruwa ne a kwando, ciwon kuma yana can yana ci. Mai sikila ya fi shiga haɗari, ga shi Najeriya ce ta fi kowace ƙasa haihuwar masu ita. Yawanci ba ayon ya rasa ba, kuma idan an sha yi masa ƙarin jini a asibiti, sinadarin yakan taru ya yi masa yawa. Jiki ba shi da hanyar fitar da rarar, sai ta kwanta a hanta da zuciya.

An ma gwada. A tsibirin Pemba na Tanzaniya, inda sauro ya yi katutu, an yi bincike a kan ƙananan yara fiye da 24,000, aka buga sakamakon a 2006. Waɗanda aka bai wa ayon da folik asid ba tare da tantancewa ba sun fi sauran kwanciya asibiti ko mutuwa, har aka dakatar da ba su tun kafin wa'adi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a irin waɗannan wurare a haɗa ayon da rigakafi da maganin zazzaɓi. Bitamin A ma ba ya fita da fitsari, a hanta yake taruwa, kuma yawansa a farkon ciki yana iya naƙasa jariri.

Za a ce talaka ba shi da kuɗin gwaji, kuma ai gwamnati da kanta tana raba waɗannan magunguna. Haka ne, amma a dubi yadda take rabawa. Ƙwayar da ake bai wa mai ciki a wajen awo an auna ta, ayon miligiram 30 zuwa 60 a rana. Bitamin A da ake ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa 59 sai bayan wata huɗu zuwa shida ake maimaitawa, kuma kason jariri daban ne da na ɗan shekara biyu. An san wanda ake bai wa, an san dalili, an san lokacin tsayawa. Batun kuɗi kuwa, magidancin da ya yi wata uku yana sayen kwalba bayan kwalba ya riga ya kashe abin da ya isa a ɗibi jinin yaronsa a duba yawansa, a kuma duba masa zazzaɓi.