Asibitin Malam na kusa, amma talakan Gyadi-Gyadi kemis yake zuwa

Daga Gyadi-Gyadi, a ƙafa ma mutum zai isa ƙofar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, ake kuma kawo masa marasa lafiya daga jihohi maƙwabta. Duk da haka, ɗan adaidaita sahun da zazzaɓi ya kwantar masa da yaro, da mai tuyar awara da ke fama da hawan jini, ba can suke fara nufa ba. Kemis ɗin lungu suke zuwa, su ce a ba su na ɗari biyar. Mai kemis ya sa almakashi ya yanko ƙwaya huɗu, ba awo, ba gwajin jini. Ciwo ya lafa kwana biyu, ya dawo da ƙarfinsa.

Ba jahilci ne ya kai su can ba, aljihu ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabi. A watan Agustan shekarar kamfanin magunguna na GSK ya sanar da janyewa daga Najeriya, Augmentin da Ventolin na masu asma suka gagari talaka. Dama fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun jama'a yake fitowa.

A takarda an yi wa talaka tanadi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin lafiya a matakin farko. Kano ta yi dokar taimakekeniyar lafiya a 2016, dokar tarayya ta 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya. Ma'aikacin gwamnati ana cire masa kuɗin daga albashi. Wanda sai ya fita yake samun na cefane, galibi bai san inda ake rajistar ba.

Unguwa Uku ta nuna abin da ƙaramin asibiti zai iya. A can ƙungiyar likitoci ta MSF ke jinyar yara masu tamowa kyauta, iyaye mata kuwa na yin sammako da goyo, domin sun san ba za a tambaye su ko sisi ba.

Mazaɓu goma ne a ƙaramar hukumar Tarauni, inda Gyadi-Gyadi da Unguwa Uku suke. Kamata ya yi hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar ta ajiye teburin rajista a asibitin kowace mazaɓa, masu unguwanni da limamai su taimaka wajen tantance mabuƙata, attajirai kuma su biya wa marayu da zawarawa kuɗin shekara. A riƙa liƙa a bango adadin kuɗin da asibitin ya karɓa da magungunan da aka sayo. A kuma samar da ma'aikacin da zai zauna har bayan isha'i, lokacin da mai neman na abinci yake dawowa gida ya tarar jikin yaro ya yi zafi.