Kada A Zubar Da Dakashi

Ya 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata tsohuwar al'ada, watau matse dakashi a zubar wai ƙazanta ne, a riƙa ɗura wa jariri ruwa.

Fatar cikin hanjin mutum tana sabuntuwa duk kwana 3 zuwa 5. Masu wannan aiki wasu ƙwayoyin halitta ne, uwayen sauran, da ke ɓoye cikin ƙananan ramukan bangon hanji. A 2007 Hans Clevers da abokan aikinsa a ƙasar Holan suka gano alamar shaida su.

To, hanjin bakwaini bai yi ƙwari ba. Akwai ciwon da kan kama shi, ciki ya kumbura, hanji ya ruɓe. In uwayen nan sun mutu, wa zai yi gyara? Wani bincike a Ingila a 1990 ya nuna ciwon ya fi kama bakwaini mai shan madarar gwangwani zalla, ninki 6 zuwa 10, bisa mai shan nono zalla.

Saboda haka ina roƙon kakanninmu da ungozomomi su bar jariri ya kama nono tun sa'ar farko. Rigakafi ya fi magani. Allah ya raya mana ƙannenmu, amin.