FILIN SANA'A: Allo ɗaya, jihohi takwas

A wannan wata filinmu ya sauka Arlit, garin uraniyum, wajen kilomita 240 arewa da Agadas.

Kun san an kafa Arlit a 1969 saboda ma'adini. Kamfanin Somair ya fara haƙa a 1971. Na biyu, wato Kominak, ya fara a 1978, kuma dominsa aka gina Akokan. Makiyayan da fari ya kashe wa dabbobi a 1973 da 1984, da yawansu nan suka zo neman abinci. To, ran 31 ga Maris 2021 aka rufe ramin Kominak. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da ƴan kwangila. Rami yana ƙarewa, amma sana'ar hannu tana bin mai ita duk inda ya tafi. Shi ya sa muka kawo muku wannan labari.

A Akokan na tarar da wani kafinta, tsohon ma'aikacin rami. Ya nuna mini wata dabara ta yin ado da katako. Ana zana hoto bisa allo guda. A yanka shi gunduwa-gunduwa bisa layin zanen. A goge kowane yanki, a rina shi da launinsa. Sannan a mayar da su wuri guda, a manne. Tun da daga allo ɗaya suka fito, dole su koma su zauna daidai. Akwai wata tsohuwar hanya da aka sani a Italiya tun shekaru fiye da 500, wadda kowane launi sai an nemo masa icensa daban. Wannan ba ta dace da mu ba, don ba mu da icen.

Kayan aiki ba su da yawa. Na farko zarto siriri, mai kama da baka, wanda bakinsa bai fi kaurin tsinke ba. Ya yi kama da na maƙeran azurfa, sai dai ya fi shi girma. Akwai mai aiki da lantarki, amma na hannu ma ya isa. Sai allo mai kaurin santimita 1, da wani falanki siriri na baya, da takardar goge katako, da gam na kafinta, da fensir.

Na ce bari in gwada da hannuna, don gani ya kori ji. Na zaɓi taswirar ƙasarmu Nijar da jihohinta 8: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai.

Ga yadda ake yi. A zana taswira a takarda, a manna ta bisa allo. A ɗaura bakin zarto haƙoransa suna duban ƙasa, wajen mariƙi, don yana ci ne lokacin da aka ja shi ƙasa. A ɗaure shi tam, har in an taɓa ya yi ƙara kamar tsirkiyar gurmi. A riƙe zarto a tsaye cak. In an zo kwana, allon ake juyawa, zarto yana ci gaba da hawa da sauka a wurinsa.

Ni kuwa garaje ya sa na karya baki 3 kafin in gama iyakar Agadas. Malamin ya yi dariya ya ce: "Malam, kai kake tura shi. Bar shi ya ci da kansa." Da na sassauta hannu, ban ƙara karya ko ɗaya ba. Jihar Agadas ta fi rabin faɗin ƙasar, shi ya sa ita ce babbar gunduwa.

Yamai ce ta ba ni wuya. Tilaberi ta kewaye ta ta ko'ina, babu hanyar shiga daga gefe. Sai an huda ƙaramin rami bisa layi, a kwance bakin zarto, a zura shi cikin ramin, a sake ɗaurewa. Na yanke ta lafiya, ga ta kamar ƙwayar gyaɗa. Sai ta faɗi cikin garin katako. Ni da yara biyu muka yi ta tankaɗe kafin mu gano babban birnin ƙasa! Tun daga nan na koyi abu biyu. Duk yankin da aka yanke, a rubuta masa lamba a baya. Kuma a saka shi cikin ƙwarya nan take.

Bayan yanka sai guga. A goge gefen kowane yanki ya yi laushi, amma kada a cinye shi da yawa, in ba haka ba zai bar giɓi. Launi kuwa yana nan gida. Lalle yana ba da ja-ja. Karan dafi na dukawa yana ba da ja sosai. Shayi mai kauri yana ba da ruwan ƙasa. Baba yana ba da shuɗi. A bar su su bushe a inuwa, don ranar Arlit tana tanƙwara katako. Sannan a jera su bisa falankin baya, a duba sun zauna, kafin a shafa gam. A ɗora dutse bisa, a bar shi ya kwana.

Yanzu ga gargaɗi biyu, ku riƙe su da kyau.

Na ɗaya: kada a sare ɗanyen ice saboda wannan aiki. Aduwa da kandili da goriba na ƙoramun Ayar su ne abincin raƙuma da awaki, su ne inuwar makiyayi. Tun 1975 muke dashen itatuwa ran 3 ga Agusta. Bai kamata mu dasa da dama mu sare da hagu ba. Tsofaffin akwatunan kaya da guntayen da kafintoci ke zubarwa sun isa.

Na biyu: a san inda katako ya fito. A 2003 da 2009 masana daga waje sun auna, sun sami ƙarafa masu gubar uraniyum a kasuwar Arlit. Gubar nan ba a ganinta, ba ta da wari. Saboda haka a guji duk wani tarkacen da ya fito daga wurin haƙa. Kuma a duba tambarin da ke jikin katakon ɗora kaya. In an ga HT, da zafi aka gasa shi. In an ga MB, maganin ƙwari mai dafi aka tura masa, a bar shi. Lokacin guga a rufe hanci da rawani.

Wa zai saya? Baƙi masu yawon buɗe ido sun yi ƙaranci, kada a dogara gare su. Amma mai kanti yana son sunan kantinsa. Amarya tana son adon ɗaki. Malamin lakwal yana son taswira. In ba a manne ta ba, yara za su riƙa warwatsawa suna haɗawa har su san ƙasarsu. Haka ma baƙaƙen ABCD, ana iya yanka su domin ajin yaƙi da jahilci.

Taswirata tana nan rataye a zaure, da ɗan giɓi tsakanin Tawa da Maraɗi. Wanda ya gwada, ya rubuto mana da hannunsa yadda ya ƙare. Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.