Gero da Maiwa: Tsokaci a Kan Yadda Ake Zaɓen Matasan 'Yan Ƙwallo

Gabatarwa

Wasan ƙwallon ƙafa ya daɗe da tashi daga matsayin abin ɗebe kewa zuwa sana'a mai ciyar da gida. Saboda haka zaɓen yaron da za a ɗauka da wanda za a bari ba ƙaramin hukunci ba ne, domin sau da yawa shi ke yanke makomar matashi. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa hanyar da aka saba bi, watau gwajin yini ɗaya ko biyu a birni, tana auna girman jiki ne kawai, ba ta auna ci gaban yaro, kuma 'ya'yan karkara irin na Tsanyawa su suka fi cutuwa da ita.

Halin da Yaron Karkara ke Ciki

Tsanyawa tana kan hanyar Kano zuwa Katsina, gaba da Bichi, a yankin da gonaki suka haɗe da juna har da wuya a ga fili kwance. Galibi filin makarantar firamare shi ne filin wasa, shi ne kuma wurin taro. Da damina ta sauka, yaro ya koma shuka da noma da maimai, ƙwallo sai da yamma in ƙarfi ya rage. Sai an yi kaka sa'an nan wasa ke dawowa sosai. Idan aka kira gwaji a Kano cikin watan Yuli, wannan yaro zai biya kuɗin mota ya zo da gajiyar gona, ya sa takalmin aro, a ba shi 'yan mintoci tare da waɗanda bai taɓa wasa da su ba. A cikin waɗannan mintoci ake so a gane ko yana da rabo.

Abin da ido ke fara kamawa a irin wannan gwaji shi ne tsawo da faɗin ƙirji da gudu. Amma kuwa tsakanin shekara 13 zuwa 16 yara ba su girma tare. Wani ya balaga da wuri ya yi gemu, sa'ansa yana nan da jikin ƙuruciya. Manomin Tsanyawa ya san wannan darasi a gonarsa. Gero yana nuna cikin wata uku ko kusa da haka, maiwa kuwa sai ruwa ya ɗauke. Ba wanda ke tuge maiwa a watan Agusta don bai ga zangarniya ba. Mai zaɓen 'yan wasa kuwa kullum tuge maiwa yake yi, yana murna da gero.

Matsalar Shekaru

Nijeriya ta ci kofin duniya na ƙananan matasa har sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, abin da wata ƙasa ba ta yi ba. Duk da haka babbar ƙungiyar ƙasa ba ta taɓa wuce zagaye na biyu a gasar duniya ta manya ba. Lalle an sami irin su Nwankwo Kanu daga ajin 1993 da Victor Osimhen, wanda ya ci ƙwallo 10 a gasar 2015, amma da yawa daga waɗanda suka haskaka suna yara sun dushe kafin lokaci. Ɗaya daga cikin dalilan da aka daɗe ana ambata shi ne rage shekaru.

Don maganin haka hukumar FIFA ta shigo da na'urar MRI mai ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu a gasar 2009, wadda aka yi a Nijeriya, Kano ma tana cikin garuruwan da suka karɓi baƙuncinta. A 2016 'yan wasa 26 daga sansanin 'yan ƙasa da shekara 17 suka faɗi wannan gwaji, sa'an nan Nijar ta fitar da Nijeriya daga neman gurbin gasar Afirka. Sai dai na'urar ba ta san ranar haihuwa ba, haɗewar ƙashi kaɗai take gani, kuma ƙashin wani kan haɗe da wuri. Yaron karkara da aka haifa a gida, ba a yi masa rajista ba, ba shi da abin kare kansa sai takardar rantsuwa ta kotu, wadda maƙaryaci ma yana da irinta. Ke nan ya shiga tsaka mai wuya: ƙato mai shekara 20 ya ture shi a fili, in kuma ya tsira, ba shi da shaidar da za ta raba shi da ƙaton.

Darasi Daga Wata Ƙasa

A Ostareliya akwai wani wasan ƙwallo nasu na kansu, wanda ake yi da mutum 18 a kowane ɓangare, da ƙwallo mai siffar ƙwai. Tun 1986 manyan ƙungiyoyinsu ke ɗaukar matasa ta hanyar zaɓe na shekara-shekara, inda ƙungiyar da ta zo ƙarshe ke fara zaɓa. Kafin ranar zaɓen an daɗe ana bin yaro a gasar 'yan ƙasa da shekara 18, ana rubuta abin da ya yi a kowane wasa. A ƙarshe a gwada gudunsa na mita 20 da na kilomita 2 da tsallensa, likita ya duba shi, a kuma zauna a tattauna da shi don sanin halinsa. Gwajin cikon shaida ne, ba shi ne shari'ar ba.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ba su rufe ƙofa. Wanda aka tsallake yana iya ci gaba a ƙananan gasa har a waiwaye shi. Alal misali, ƙungiyar Richmond ta ɗauki Marlion Pickett a tsakiyar kakar 2019 yana da shekara 27, wasansa na farko a babbar gasa shi ne wasan ƙarshe na cin kofi, kuma suka ci. Wannan ita ce maiwar da aka bari ta nuna.

Abin da Ya Kamata a Auna

Kano ba ta rasa misali ba. Ahmed Musa ba ƙato ba ne, amma da Kano Pillars ta ba shi kakar wasa cikakkiya ya ci ƙwallo 18 a 2009/2010, ya wuce Turai, ya ci Ajantina biyu a gasar duniya ta 2014, ya ci Ayisland biyu a ta 2018. Rabi'u Ali kuwa ya ci gaba da yi wa Pillars wasa har bayan ya haura shekara 40. Dukansu biyu lokaci ne ya bayyana su.

Bisa ga haka, tambayoyin da ya kamata mai zaɓe ya yi su ne: me yaron ya ƙaru da shi daga bara zuwa bana? Yakan ɗaga kai ya duba kafin ƙwallo ta iso shi? Ƙafarsa ta biyu tana aiki? In an yi masa gyara yau, gobe yana maimaita kuskuren? Yaya yake idan ana cin ƙungiyarsa? Babu ɗaya daga cikinsu da yini guda zai amsa.

Wani zai ce wannan tsari na masu kuɗi ne, kuma mai koyarwa da ba ya cin wasa korarsa ake yi, don haka dole ya nemi ƙatti. Akwai gaskiya a nan. Amma laifin na masu auna mai koyar da yara da yawan kofuna ne, maimakon yawan yaran da ya kai gaba. Game da kuɗi kuwa, rajistar haihuwa da littafin malamin wasanni ba su kai tsadar na'urar MRI ba.

Kammalawa

Abubuwa uku za su rage wannan asara. Na farko, iyaye da masu unguwanni su tabbatar an yi wa kowane jariri rajista a Hukumar Ƙidaya, kuma a riƙa gwama takardar da rajistar shiga firamare. Na biyu, a tsara gasar makarantu a ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano bayan kaka, a ajiye bayanin kowane yaro shekara bayan shekara, domin wanda zai wakilci jiha a gasa irin ta Kofin Ramat ya fito daga wannan littafi. Na uku, duk wanda aka bari a sake dubansa bayan shekara, kuma kada a cire shi daga makaranta don ƙwallo, tun da kaɗan ne ke kaiwa ga sana'ar. Hausawa sun ce mahaƙurci mawadaci. Mai neman gwani sai ya jira amfanin ya nuna kafin ya yanke hukunci a kan gona.